Yadda za ka zaɓi manhajar rubuta furojet wadda ba za ta tona asirinka ba

Kwanakin baya wata ƙanwata da ke karatun aikin jinya ta aike ni wani shagon buga takardu in fitar mata da babi na uku. Ina jiran layi sai yaron shagon ya buɗe wani fayil bisa kuskure. Aikin wata ɗaliba ne, ga sunayen matan da ta yi hira da su, ga shekarunsu, ga ciwon da ke damun kowacce, har da lambobin waya. Mu biyar ne a tsaye, duk mun gani. Har na hau motar Agege abin bai bar raina ba, don matan nan sun yi magana ne bisa amana.

Ko a wace babbar makarantar Legas kake, UNILAG, ko LASU, ko Yabatech, furojet ɗinka ba naka kaɗai ba ne. In ka yi hira da 'yan gwari a Mile 12, ko mahauta a Oko-Oba, ko matan aure a Idi-Araba, ka ɗauko sirrin mutane ka zuba a kwamfuta. Dokar kare bayanan jama'a da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023 ta sa bayanan lafiya da addini da ƙabila cikin waɗanda ake ƙara tsaurarawa a kansu. Amma tun kafin doka, mu mun san nauyin amana.

Kafin ka taɓa kowace manhaja, raba aikin gida biyu. Sunaye da lambobin waya su zauna a fayil ɗaya, ko ma a littafin da kake kullewa a akwati. A cikin rubutun kuwa kowa ya zama lamba: mai amsa ta 1, mai amsa na 2. In ka yi wannan, ko rubutun ya faɗa hannun da bai dace ba, ɓarnar ta ragu da yawa.

Sai ka tambayi malamin da ke duba aikinka irin fayil ɗin da yake karɓa. Yawanci docx ne, wato fayil ɗin Word, don ya yi gyara a ciki, sai PDF a ƙarshe. Duk manhajar da ba ta fitar da waɗannan biyun, bar ta.

Yanzu ga babbar tambayar: in na rufe kwamfuta, ina rubutuna yake kwana? A cikin na'urata, ko a rumbun wani kamfani a wata ƙasa? Gwajin mai sauƙi ne. Kashe data, buɗe manhajar, rubuta layi biyu, ka adana. In ta ƙi sai da intanet, ko ta ce sai ka buɗe asusu da imel da lambar waya, to ka san rubutunka zai riƙa fita daga hannunka.

Ni LibreOffice Writer nake sa wa ƙannena. Kyauta ce, wata gidauniya mai suna The Document Foundation ke kula da ita tun 2010, kuma lambobin da aka gina ta da su a buɗe suke, masana na iya duba abin da take yi a ɓoye. Ba ta neman asusu, ba ta cin data, tana buɗe docx tana kuma adana shi. A wurin adanawa akwai akwatin da za ka danna ka sa wa fayil kalmar sirri. Aibinta guda, in fayil ya koma Word wani lokaci teburori da lambobin shafi sukan ɗan goce, don haka ka duba kafin ka tura wa malam. A sauko da ita daga shafinta na asali, ba daga filashin aboki ba.

In Word ka saba da ita, babu laifi, muddin ta halal ce. Abin da nake roƙon ɗalibai su guje wa shi ne Word ɗin sata da masu gyaran laftof ke loda wa mutum a matsayin kyauta. Ƙaramar manhajar da ake fasa lasisin da ita ba ka san me ta shigo da shi ba, kuma sau da yawa sai an kashe rigakafin kwamfutar kafin ta zauna. Ka kuma lura ko Word ɗinka tana tura fayil OneDrive, rumbun Microsoft na intanet, da kanta, ka mayar da wurin adanawa cikin kwamfutarka.

Wanda da waya yake rubutu, Collabora Office tana nan a Android, a kan LibreOffice aka gina ta. Kowace ka zaɓa, duba izinin da take nema. Me ya haɗa manhajar rubutu da lambobin wayarka ko inda kake tsaye?

Aikin rukuni shi ne inda aka fi zubar da sirri. Google Docs na da daɗin aiki, amma kamfanin ne ke riƙe da makullin rumbun, kuma mun saba buɗe fayil ga duk mai mahaɗin sannan mu jefa shi a zauren WhatsApp mai mutum ɗari biyu. In dole sai ita, gayyaci abokan aikin ta imel ɗinsu ɗaya bayan ɗaya, ranar da aka gama ka cire su. In bayanan masu nauyi ne, gwada CryptPad ta Faransa ko Proton Docs ta Suwizalan da ta fito a 2024. Waɗannan suna kulle rubutun tun daga na'urarka, kamfanin ma ba ya iya karantawa. Sai dai ka riƙe kalmar sirrinka da kyau, in ta ɓace rubutun na iya tafiya da ita.

Don tsara madogara, Zotero ta isa. Kyauta ce, tana shiga Word da LibreOffice, tana ajiye komai a kwamfutarka sai in kai ka kunna mata haɗawa da intanet.

Akwai kuma ramin da ɗalibai ke faɗawa a makon ƙarshe. Duk babin da ka liƙa a ChatGPT ko ka bar Grammarly, manhajar gyaran Turanci, ta duba, ya tafi kwamfutocin kamfanin. In za ka yi amfani da su, kada sunan kowa ya shiga, ka kuma shiga saitin ChatGPT ka kashe ba da hirarka don horar da ita. Shafukan da ke cewa za su duba maka satar rubutu kyauta kuwa, kada ka ba su aikinka gaba ɗaya, ba ka san wanda ke bayansu ba. Turnitin da makarantu ke amfani da ita wajen gano satar rubutu takan ajiye abin da aka sa mata, shi ya sa in ka sa aikin a asusun wani, ranar dubawar gaske sai ta nuna ka kwafi kanka. Ka ce wa malam: "Ranka ya daɗe, a duba min wannan ba tare da an ajiye shi a rumbun ba." Akwai wannan zaɓin a wajensa.

Ranar bugawa, mayar da aikin PDF tun a gida. Kafin nan goge bayanan da fayil ke ɗauke da su a ɓoye, wato sunan marubuci, da gyare-gyaren malam, da sharhinsa na gefe. Word na da Document Inspector don haka, LibreOffice kuma tana da zaɓin goge sunan marubuci a saitin tsaro. Kai shago a filashin da babu komai a ciki sai wannan fayil ɗin. Kada ka buɗe Gmail ko WhatsApp ɗinka a kwamfutarsu. In an gama, ka tsaya a kan yaron ya goge fayil ɗin a gabanka, ya kuma zubar da kwandon sharar kwamfutar. Kwafin ajiya kuma, kulle shi da manhajar 7-Zip da kalmar sirri mai tsawo, ɗaya a filashin da ke gida, ɗaya a imel ɗinka, saboda laftof a jaka cikin danfo da damina ba ta da tabbas.