Yadda za ka haɗa wasan "wa ya yi kisan?" don tunawa da Agatha Christie

Duk watan Satumba a garin Torquay na ƙasar Ingila ana bikin Agatha Christie, don can aka haife ta ranar 15 ga Satumba 1890. Littafin binciken kisa 66 matar nan ta rubuta, ita ce ta ƙirƙiro masu binciken nan na cikin littattafanta, Poirot mai gashin baki da tsohuwar nan Miss Marple. To ba sai ka nemi biza ba, a falonka ma za ka iya.

Ka gayyato mutum takwas, in sun yi yawa surutu ne kawai. Sai ka ƙirƙiro wurin da ba shiga ba fita, kamar jirgin ƙasan da dusar ƙanƙara ta tsare a littafinta Murder on the Orient Express na 1934, don kowa ya san mai laifin yana cikin ɗakin. Gawa kuwa filo biyu ka lulluɓe da zani, shi ke nan.

Aikin yana wajen kati. Kowa ka rubuta masa sunansa, alaƙarsa da mamacin, da wani sirri da ba ya so a ji, wannan bashi ake binsa, waccan an cire ta daga gado, wancan ya ce yana barci alhali an gan shi a kicin. In mai kisan kaɗai ke da abin ɓoyewa wallahi minti goma za a cafke shi, saboda haka kowa ya zama yana kame-kame amma mutum ɗaya tak aka yarje wa ƙarya ƙiri-ƙiri.

Makami ni dai guba nake zaɓa, ita ma Christie a ɗakin haɗa magani ta yi aiki lokacin yaƙin duniya na farko shi ya sa ta san kan guba. Kofin shayi da kwalba wayam sun isa, kar ka sa maganin gaske, akwai yara a gida.

Hujjoji ka fito da su zagaye uku, agogon da ya tsaya, guntun wasiƙa, kuma kar ka yi coge, duk abin da zai tona asirin sai an gan shi kafin ƙarshe.

Daga nan ka tara baƙin kamar yadda Poirot ke yi, kowa ya rubuta wanda yake zargi da dalili. Kafin a watse ka roƙe su su yi shiru da amsar, haka ake roƙon 'yan kallon wasan kwaikwayonta The Mousetrap a Landan wanda aka fara tun 1952, ka ga katunan za su sake yi maka aiki da wasu baƙin.