Kafin ka shiga ƙarƙashin tsohon injin ɗaga mota

Salamu alaikum 'yan uwa. Ga wanda ya sayi tsohon injin ɗaga mota mai ƙafa biyu zai kafa a garejin gida, don Allah a fara da makullin tsaro. Shi ne ke riƙe mota idan mai ya zube ko tiyo ya fashe. Ɗaga injin babu mota a kai, ka saurari ƙas-ƙas ɗinsa a ɓangarorin biyu lokaci guda. In ɗaya ya makara, a daidaita wayoyin ƙarfen da ke sa ɓangarorin biyu su tashi tare. Wadda ta fara tsintsinkewa kuma a canza ta, ba a ɗaure ba.

Sai man haidrolik. In ya yi fari-fari kamar madara, ruwa ya shiga, a tsiyaye shi duka. A zuba lamba 32 ko 46, gwargwadon abin da kamfanin ya rubuta. Kada a kuskura a sa man birki, yana cinye roba. Shafa yatsa a sandar silinda: in akwai tsatsa ko karce, sabon sil (robar da ke hana mai yoyo) ma ba zai daɗe ba, balle ga ƙurar hunturun Kano. Tafi da tsohon sil ɗin Ƙofar Ruwa a gwada maka daidai shi.

Duba farantin bayani da ke jikin motar lantarkin da ke juya injin tun a wurin saye, da yawa wuta mai layi uku suke buƙata, gidajenmu kuwa galibi layi ɗaya ne.

Daɓen siminti ba zai riƙe injin ba. Ana son kankare mai kaurin aƙalla inci 4, ni dai na fi natsuwa da 6.