Gwajin GeneXpert na tarin fuka: kurakuran da ke ɓata sakamako

A da sai an raini ƙwayar tarin fuka a ɗakin gwaji na tsawon makonni kafin a san ko ta daina jin magani. Tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da na'urar GeneXpert a ƙarshen 2010, cikin kamar awa biyu ake gano cutar, a kuma san ko ta bijire wa rifampicin, ɗaya daga cikin manyan magungunan tarin fuka. Sai dai abin da aka zuba wa na'urar shi take karantawa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne majinyaci ya kawo yawu a madadin kaki. Yawu tsararo ne mai kumfa, kaki kuwa mai kauri ne da yauƙi, daga ƙirji yake tasowa. A fara kurkure baki, musamman in an ci goro, a ja dogon numfashi sau biyu ko uku, sannan a yi tari da ƙarfi a cikin robar, a fili inda iska ke kaɗawa. Yaron da ba ya iya fitar da kaki, ana iya gwada kashinsa.

Wasu kuma sai sun sha ciprofloxacin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, daga kemis tukuna kafin su zo gwaji. Tarin ya lafa, a yi zaton an warke, alhali cutar na nan tana ci.

A ɗakin gwaji, sinadari kashi biyu ake zuba wa kaki kashi ɗaya, a girgiza, a bar shi minti 15. Yawan layi ba hujjar rage lokacin ba ne. Katirij, wato ɗan mazubin da ake zuba kakin a ciki a saka a na'urar, ba ya son zafin da ya wuce digiri 28, ga bazarar Maiduguri ko Sakkwato tana haura 40. Ajiye shi a ɗakin da babu na'urar sanyaya iska asara ce.

Abin da ya fi damuna shi ne karatun sakamakon. In takarda ta nuna ba a ga bijirewa ba, rifampicin kaɗai take nufi, ba ta ce komai a kan isoniazid, wani babban maganin tarin fuka, ba. Wanda ke shan magani a kan ƙa'ida amma bai samu sauƙi ba, a tura kakinsa gwajin Xpert MTB/XDR, mai gano bijirewa ga isoniazid da wasu magungunan, ko a raini ƙwayar. Kada kuma a maimaita GeneXpert don duba ko magani na aiki, domin har matacciyar ƙwaya yana ganowa. Wannan aikin madubin likita ne: a duba kaki a ƙarshen wata na biyu, na biyar da na shida.