Yadda Za Ka Wuce Binciken Tsaro a Filin Jirgi Yanzu da Na'urori Ke Sauyawa

Shiri daga gida yake farawa. Duba shafin intanet na filin jirgin da za ka tashi, da inda za ka yada zango, da wanda za ka dawo ta cikinsa, don yanzu kowane fili da irin dokarsa.

Ga dalili. Dokar hana shiga da ruwan da ya wuce mililita 100 ta samo asali ne a 2006, bayan 'yan sandan Birtaniya sun bankaɗo shirin tarwatsa jirage da abin fashewa na ruwa a kwalaben lemo. Sabbin na'urorin CT, dangin waɗanda ake ɗaukar hoto da su a asibiti, suna nuna cikin jaka ta kowace fuska, jami'i ya juya hoton yadda ya ga dama. Da su filin London City ya ɗaga iyakar zuwa lita 2 a 2023. A Yunin 2024 gwamnatin Birtaniya ta maido da tsohuwar doka, Tarayyar Turai ma ta bi sahu a Satumba. A 2025 kuma filayen Edinburgh da Birmingham na Birtaniya suka sake sassautawa. Abin da ke ta kai da komo haka, ni dai shawarata ka haɗa kaya tamkar tsohuwar doka na nan daram.

Wajen haɗa jakar hannu, ka sani zuma, man shanu, humra da man goge baki duk ruwa ne a wurin jami'an tsaro. Girman kwalba ake dubawa. Babbar kwalba ko da ɗan kaɗan ya rage a ciki za a karɓe ta. Tara ƙananan a leda guda mai nuna ciki, manyan su tafi babban akwati. Magani da madarar jariri an ɗauke musu wannan iyaka, amma ka nuna su. Batirin cajin waya kuwa jakar hannu ce wurinsa, kada ya shiga akwatin da za a auna.

Da ka shiga layi, karanta allo, ka saurari jami'i. Inda akwai CT, kwamfuta a jaka take zama, fito da ita ɓata lokaci ne. Takalmi ma Amurka ta daina tilasta cirewa a Yulin 2025.

Aljihu ne ke kayar da mutane. Na'urar duba jiki, wadda ta yaɗu bayan yunƙurin Umar Farouk Abdulmutallab na tayar da bam a jirgin Amsterdam zuwa Detroit a Disambar 2009, ba ƙarfe kaɗai take gani ba. Goro, carbi, hankici, har laya, duk sai ta nuna. Juye komai a tire kafin ka shiga. Babbar riga mai nauyin aiki kan jawo a sake laluba mutum, gara kaftani. Mace na iya neman mace ta duba ta, a keɓe in ta so. Mai na'urar bugun zuciya ya faɗa tun kafin a tambaye shi.

In ka sayi turare a shagon cikin fili, misali a Dubai, kuma akwai sauran zango a gaba, bar shi a ledar da aka liƙe da rasit a ciki. Ka farke ta, a bincike na gaba za a iya karɓe shi.