Fas ɗin jirgin ƙasa ko tikiti ɗaya-ɗaya: yadda zaka yi lissafi in zaka zagaya Turai da iyali

Mu nan Gusau jirgin ƙasa sai dai labari, layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa garinmu ya tsaya Ƙaura Namoda yana nan kwance, yaranmu dai basu taɓa shiga ba. To da Allah Ya nufa zamu je ganin ƙanena da ke karatu a Jamus, ni da maman yara da Hajiyarmu da yara huɗu, sai kowa ya ce min ai Eurail kawai zaka saya ka huta. Wallahi ba haka abin yake kai tsaye ba, shi yasa na ce bari in rubuta yadda ake lissafin, don kuɗin nan Yuro ne, in ka juya shi zuwa naira ba wasa bane.

Fas ɗin, wato tikiti guda da ke baka damar hawa jirage da yawa cikin wasu kwanaki, iri biyu ne. Eurail na waɗanda ba mazauna Turai ba ne, irin mu kenan, Interrail kuma na masu zama can, shi ƙanena ya saya. Babban, wanda suke kira Global Pass, yana aiki a ƙasashe 33. Zaka iya sayen kwana 4, 5 ko 7 cikin wata ɗaya, ko kwana 10 ko 15 cikin wata biyu, kuma ranar da ka hau jirgi kaɗai ake ƙirgawa, ko jirgi nawa ka shiga a ranar kwana ɗaya ne.

Abu na farko, kafin ka buɗe kowane shafi, ɗauko takarda ka rubuta shekarun kowa. Nan kuɗin yake ɓoye. A Eurail yaro ɗan shekara 4 zuwa 11 kyauta ne, kowane babba yana iya jan yara biyu, ƙasa da 4 kuma ko fas baya buƙata in a cinya zai zauna. Daga 12 zuwa 27 akwai ragi, daga 60 zuwa sama ma akwai. Kaga namu, ƴar 9 da ɗan 6 kyauta, auta mai 3 yana jikin uwarsa, Hajiya ta samu ragin tsofaffi, amma babban yarona mai 14 sai an biya mai. Alhali a jiragen Jamus na Deutsche Bahn masu dogon zango, in tikiti ka yanka, yaro har zuwa 14 kyauta yake tafiya tare da babba, sharaɗi dai ka sa shi a lissafi tun lokacin yanka tikitin. Don haka in yawon naka duk cikin Jamus ne kuma yaranka sun ɗan tasa, tikiti na iya fin fas sauƙi nesa ba kusa ba.

Sai maganar kujera, wadda ita ce ke cin mutane. Fas kuɗin tafiya ya biya maka, bai kama maka wurin zama ba. A Jamus da Austiriya da Suwizalan yawancin jirage shiga kawai zaka yi, amma jiragen Faransa masu gudu TGV, da Frecciarossa na Italiya, da AVE na Sifen, da Eurostar, da jiragen dare, dole sai ka biya kuɗin kama kujera daban, kuma yaron nan da aka ce kyauta ne, kujerarsa ba kyauta bace. A ce kujera Yuro 15 ce, mu shida masu zama Yuro 90 kenan a hawa ɗaya, in hawa huɗu ne ka ninka da kanka. Kuma a wasu layukan kujerun masu fas ƙididdigaggu ne. Mu ya same mu a Paris, mun iso tasha da akwatuna biyar, Hajiya ta zauna kan ɗaya tana jan carbi ƙafarta ta kumbura, matar da ke sayar da tikiti ta juyo min da fuskar kwamfuta ta nuna min jirgin akwai wuri amma rabon masu fas ya ƙare sai na yamma. Awa biyar muka yi a wurin, har yau in na tuna fuskar Hajiya raina baya min daɗi. Ka kama kujerun nan tun kana gida.

Yanzu lissafin kansa. Jera dogayen tafiye-tafiyenka kaɗai, misali Paris zuwa Frankfurt wajen awa 4, Munich zuwa Zurich, Zurich zuwa Milan ta ramin Gotthard mai kilomita 57 da aka buɗe a 2016, Milan zuwa Roma wajen awa 3. Ka shiga shafin kamfanin kowace ƙasa, DB na Jamus, SNCF na Faransa, Trenitalia na Italiya, SBB na Suwizalan, ka sa ainihin ranar da shekarun yara ka rubuta abinda ya fito. Gefe guda ka haɗa kuɗin fas na kowa da kuɗin kujeru. Kar ka ƙona kwanan fas a tafiyar minti 40, yanka tikitinta kawai. Ka sani kuma jiragen Italo na Italiya da Ouigo na Faransa da Sifen basa karɓar fas, haka metro da bas na cikin gari.

Tikitin da aka saya da wuri, wata biyu ko uku kafin tafiya, yana da araha sosai, amma mai arahar a ɗaure yake da jirgi ɗaya da lokaci ɗaya, in yaro ya tashi da zazzaɓi ko kun makara shikenan ya tafi. Ga kuma matsalarmu ta biza, mutum baya son zuba kuɗi a tikitin da ba a mayarwa alhali fasfonsa na ofishin jakadanci, kafin ta fito kuma farashi ya hau. Ni a ganina wannan kaɗai ya isa ya sa mai ƙananan yara da tsohuwa, mai dogayen tafiye-tafiye huɗu ko biyar, ya karkata ga fas. Mai gari biyu ko uku da rana tsayayya, ya yanki tikiti.

In Landan na cikin tsarinka, ka tuna Ingila bata cikin Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, bizarta daban ce, fas bazai maye maka gurbin biza ba. Kilishi ma a bar shi gida, ba a shiga Tarayyar Turai da nama.

In ka sayi fas ɗin a waya zai zauna cikin manhajar Rail Planner, kuma dole ka sa jirgin ka kunna shi kafin ka hau, sai ka riƙe abin caji da fasfon kowa a kusa. Wurin canjin jirgi kuma kar ka yarda da minti 8 da manhaja ke baka, ka nemi mai minti 25 ko 30, don saukar da Hajiya da akwatuna da yara huɗu daga wannan dandamali zuwa wancan aiki ne.