Yadda Ake Auna Sinadaran Fenol a Ruwan Matsar Zaitun da Tsimin Ganyaye

A ƙasashen da ke gaɓar Bahar Rum, irin su Sifen, Italiya, Girka, Tunisiya da Maroko, matsar man zaitun kan bar ruwa baƙi mai tsami, wanda ke ɗauke da sinadaran fenol, wato wasu sinadarai da tsirrai ke samarwa, kamar haidiroksitairosol da tairosol. Su ne ke sa ruwan ya hana iri tsirowa idan an kwarara shi a gona, su ne kuma masu haɗa magunguna ke nema saboda suna kare mai da ƙwayoyin jiki daga lalacewa. Hanyar da aka fi bi wajen auna su ita ce ta sinadarin Folin-Ciocalteu, wanda aka samar a 1927, masana Singleton da Rossi kuma suka daidaita shi a 1965.

Aikin farko shi ne shirya samfur, kuma a nan ne mafi yawan sakamako ke lalacewa. A ɗebi ruwan matsar da ɗanyensa, a zuba a kwalba mai duhu, a ajiye a firji, domin haske da iska suna cinye fenol. Sai a juya shi a na'urar sentirifuj har ɓarɓashi ya kwanta, a tace, a wanke da hekzen don a cire ragowar mai. Bayan haka a ɗiga asid haidirokilorik har ma'aunin pH ya sauko zuwa 2, a girgiza shi da etil asetat, ruwan sinadarin da ke janye fenol ɗin, sau uku, ana ware sashen da ke sama kowane karo. A haɗa waɗannan sassa, a ƙafar da su a zafin da bai wuce digiri 40 ba, sannan a narkar da abin da ya rage a metanol.

Idan ganye ne, ko na zaitun ko na zogale, a shanya shi a inuwa, a niƙa, a auna nauyinsa daidai, a jiƙa shi a metanol mai ƙarfin kashi 80 cikin ɗari, a tace.

Daga nan sai a haɗa ma'aunin kwatance da asid galik, wanda shi ma nau'in fenol ne, a jera shi a ƙarfi daban-daban daga miligiram 10 zuwa 100 a kowace lita, tare da bututu guda wanda babu asid ɗin a ciki, wanda da shi za a saita na'ura a sifili. A kowane bututun gwaji a zuba rabin mililita na samfur ko na ma'auni, a ƙara mililita 2.5 na Folin-Ciocalteu da aka surka da ruwa mai tsabta kashi ɗaya cikin goma, a jira minti biyar, sannan a zuba mililita 2 na sodiyom kabonet mai ƙarfin kashi 7.5. Kada a sauya wannan jeri, domin kabonet ɗin yana lalata sinadarin Folin-Ciocalteu idan ya riga samfur shiga. A ajiye bututan a duhu na tsawon awa ɗaya, dukansu lokaci guda. Ruwan zai juya daga rawaya zuwa shuɗi, kuma gwargwadon yawan fenol, gwargwadon turuwar shuɗin, kamar zane a karofi.

A karanta kowane bututu a sifektirofotomita, na'urar da ke auna yawan hasken da ruwa ya shanye, a kan tsawon zangon haske na nanomita 765, a zana layin da ke haɗa ƙarfin asid galik da karatunsa, a ɗora sakamakon samfur a kansa. Ruwan zaitun yana da ƙarfi ƙwarai, don haka idan karatunsa ya zarce na ma'auni mafi girma, wajibi ne a surka shi a sake gwaji, sannan a ninka sakamakon da adadin surkin. Ana rubuta sakamako da miligiram na kwatankwacin asid galik a lita, ko a giram na busasshen ganye, kuma a maimaita kowane samfur sau uku.

Akwai abin da ya kamata mai rubuta rahoto ya faɗa ƙarara: sinadarin ba fenol kaɗai ke mayar da shi shuɗi ba, bitamin C da wasu nau'o'in sukari da furotin ma suna yi. Wanda ya auna ganye mai yawan bitamin C kamar zogale zai iya samun adadin da ya haura gaskiya. Mai son sanin yawan haidiroksitairosol shi kaɗai sai ya kai samfurinsa ga na'urar HPLC, wadda ke rarrabe sinadarai ɗaya-ɗaya, a karanta a kan nanomita 280.