Yadda za ka zaɓi fim mai dogon zango, ka kalle shi ba tare da data ta cinye maka aljihu ba

Fim mai dogon zango abu biyu yake ci, lokaci da data, kuma mafi yawan masu kallo ba sa lissafin ko ɗaya kafin su fara. Ɗauki Ertugrul na Turkiyya, wanda tashar TRT ta nuna daga 2014 zuwa 2019: fitowa 150 ce, kowace tana kai awa biyu. Awa 300 ke nan, ko fiye. Wanda ke kallon awa ɗaya kowane dare bayan isha'i zai yi wata goma bai gama ba. Saboda haka tambayar farko ita ce zango nawa ne, fitowa nawa, kuma an kammala shi ko har yanzu ana ɗauka.

A na gida, Daɗin Kowa na tashar Arewa24 shi ne ya buɗe ƙofar, kuma ya dace da gidan da ake kallo tare da yara da iyaye, don rayuwar unguwa yake nunawa, kana iya shiga daga tsakiya ka fahimta. Kwana Casa'in, wanda ya fara a 2019, siyasa ce da aikin jarida da cin hanci, shi kam sai an bi shi daga farko, in ka tsallake zango ɗaya ba za ka gane wa ke tare da wa ba. Gidan Badamasi na dariya ne. Labarina na Aminu Saira ya fara a 2020, ya fi sauran kula da hoto da sauti, kuma labarin yakan canza gaba ɗaya da sabbin 'yan wasa, don haka ka tambayi wanda ya ba ka shawarar wane zango yake nufi. Izzar So na Lawan Ahmad a YouTube ya yi suna, amma yana da tsawo ƙwarai, sai mai haƙuri.

Hanyar gwaji ita ce ka kalli fitowa uku na farko, sannan ka tsallaka ka leƙa ɗaya daga tsakiyar zangon. Farkon fim kowa yana ƙoƙari. A tsakiya ake gane marubuci: in ka tarar minti goma na farko maimaicin makon jiya ne, ga talla, ga mutum biyu a falo suna nanata maganar da aka riga aka yi, to ana jan labarin ne don ya daɗe, ka haƙura da shi. Ka kuma duba kwanan watan da aka ɗora kowace fitowa. Wanda ke zuwa mako-mako a tsare yana da kuɗin ƙarasawa. Wanda ake yin wata biyu shiru, yawanci a hanya yake mutuwa. Wani lokaci tsaikon daga hukuma ne, kamar a watan Mayun 2025 da hukumar tace fina-finai ta Kano ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22 har sai an kai su tacewa.

A YouTube akwai tashoshin bogi da yawa. Za ka ga an rubuta sabuwar fitowa da hoton jarumi yana kuka, ka buɗe ka tarar guntayen tsofaffi ne aka harhaɗa. Duba sunan tashar da tsawon bidiyon kafin ka taɓa. In fitowar da ka saba gani ta kai kusan awa ɗaya, wannan kuma minti goma sha biyu ce, ba ita ba ce. Kallo a tashar masu fim ɗin shi ne ke sa kuɗin talla ya kai gare su, da shi suke biyan zango na gaba.

Batun data kuma, ingancin hoto ne ke cin ta. Netflix da kansa ya ce mafi ƙarancin inganci yana cin kusan gigabait 0.3 a awa, matsakaici 0.7, mai kyau sosai har gigabait 3. A YouTube ma haka lamarin yake, hoto mai lambar inganci 480p yana cin wajen rabin gigabait a awa, 360p ƙasa da haka. A fuskar waya 360p ya isa, sai dai in fim ne mai rubutun fassara a ƙasa, nan 480p ya fi don rubutun ya fito. Kada ka bar manhajar ta zaɓa maka, domin da zarar sabis ya yi ƙarfi za ta ɗaga hoton sama, ka ga gigabait ɗaya ta tafi kafin a gama fitowa guda. Taɓa alamar saiti a saman bidiyon ka zaɓi lambar da hannunka. Ka kashe maɓallin da ke sa wani bidiyo ya kunna kansa, shi ne ke kwashe datar wanda barci ya sace. Danna *323# don ganin ragowar datarka kafin kallo da bayansa, sau ɗaya ya isa ka san abin da awa ke ci a wayarka. A *312# ake ganin tsare-tsaren data, har da na dare mai rahusa. Da shi ya kamata ka sauke fitowar mako, ka kalla da rana ba tsinkewa. Abin da aka sauke a cikin manhaja yana da wa'adi, sai an riƙa buɗe intanet lokaci-lokaci don ya sabunta.

Masu zuwa wajen masu turi su kula da memori. Akwai na jabu da ke nuna gigabait 64 alhali cikinsa bai kai haka ba. Fina-finan da aka tura farko-farko za su buɗe, na ƙarshe su ƙi. Buɗe fim na ƙarshe da aka tura tun kana gaban shagon. In hoto ya fito babu murya a talabijin, yawanci nau'in sautin ne talabijin ɗin bai sani ba, gwada shi da manhajar VLC a waya zai yi magana.

Zafin Sakkwato ma yana cikin lissafi. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ake wuce digiri 40, kallo da waya tana jone da caji shi ke sa batir ya kumbura, waya ta riƙa rage haske da kanta tana sarƙewa. Cire mata riga, kada ka ɗora ta kan katifa ko matashi, ka yi caji daban ka yi kallo daban. Mai sola kuma: talabijin LED mai inci 32 tare da dikoda suna jan wat 60 ko kusa da haka, kallon awa uku bai kai wat-awa 200 ba, batir mai 100Ah zai ɗauka ya bar wa fanka rabonta.

In hoto ya fara daskarewa a dish da farkon damina, duba sama tukuna. Hadari mai kauri yana tare sigina, yana wucewa za ta dawo. In gari ya washe ba ta dawo ba, iskar da ke zuwa kafin ruwa ce ta karkatar da dish ɗin, ko ruwa ya shiga inda wayar dish ɗin ta haɗu da LNB, wato ɗan kan da ke gaban dish ɗin mai karɓar sigina. Busar da wurin, ka naɗe shi da tef, ka ɗaure kusoshin dish ɗin da kyau. Sai an gwada wannan kafin a kira mai gyara.